Kiɗan da Mahaifiyata Ta Kira Ƙarar Firji

Shekarun baya, ni da wani abokina mun yi wani faifan kiɗa a nan Doha, wanda har yau in an ce in bayyana wa Bahaushe irinsa sai na yi gumi. Masu bibiyata a nan kun fi sanina da surutun aiki da hotunan tuwon da nake ƙonawa, to yau ga wani ɓangaren nawa da ban cika faɗa ba.

Ni injiniya ne, aikina kula da injinan sanyi na wasu dogayen benaye a West Bay. Yini nake cikin ƙugin inji, har ya kai da kunne nake gane wanda ke shirin lalacewa. Abokina kuwa ɗan Zangon Kumasi ne ta ƙasar Ghana, yana haɗa lasifika da makirfo a wani otal in za a yi taro. A wani gidan abinci a Mansura muka haɗu. Ina waya da Hausa sai na ji an dafa kafaɗata, an ce, "Chale, kai ma namu ne?" Chale shi ne aboki a bakin mutanen Kumasi. Kafin shayinmu ya huce mun gano cewa kowannenmu yana da jita a ƙarƙashin gado, kuma abin mamaki, kiɗa iri ɗaya muke so.

Turawa suna ce masa post-rock, namu kuma mai sanyin ne, wanda suke ƙara wa ambient. Kiɗa ne zalla, babu waƙa, babu mawaƙi. Jita ce za ta fara a hankali, ta yi ta maimaita abu ɗaya, wani sautin ya zo ya hau kai, wani ya ƙara hawa, yana taruwa kamar hadari, sai can ya ɓarke gaba ɗaya, sannan ya lafa. Akwai ɗaya cikin namu da za a ɗora shinkafa ta dahu a sauke bai ƙare ba.

A ɗakin abokina muke yi, ranakun Juma'a bayan an sauko daga masallaci da kuma Asabar. Ɗaki ne da aka yanka da katako a gidan haya, muka manna barguna a bango saboda amsa-kuwwa. Da farko kashe na'urar sanyi muke yi don kada ƙararta ta shiga, a zafin Doha, mu fito jiƙe sharkaf kamar mun yi dambe. Wata rana na gaji na ce a bar ta, mu ɗauke ta ita ma. Muka saurara, sai ga shi ta fi mu iya riƙe murya. Daga nan muka haukace, muka bi gari da makirfo. Muka ɗauki ƙarar ƙofar jirgin ƙasa a tashar Mansura, da kukan baro a kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, da iskar bakin teku. Komai ya haɗu in ban da kiɗan ƙarshe. Shi yana buƙatar bugu a ƙarƙashinsa, gangar kwamfuta kuwa duk wadda muka gwada ba ta da rai.

Akwai wata matsalar kuma da ta fi wannan, wadda ban taɓa gaya wa abokina ba. Gidanmu a Zariya gidan malamai ne. Ina sakandare mahaifiyata ta taɓa ganina da jitar aro. Ba ta dake ni ba, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "A gidan nan ba a roƙo. Mayar masa." A wurinta duk wanda ya riƙe abin kiɗa maroƙi ne, mai bin masu hali yana zuga su. Na mayar, na ci gaba da koya a jami'a inda idonta bai kai ba. Ga shi kuma ni ne ɗan fari, saboda haka alkunya ta hana ta kiran sunana tun da aka haife ni. "Kai" ne ni in ina kusa, "wancan" in ina nesa. Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Ranar da na gama jami'a da sakamako mai kyau, tambayata ta yi ko na ci abinci.

Ana cikin haka maiɗakina ta haihu. Surukata ba ta da lafiyar hawa jirgi, sai mahaifiyata ta ce ita za ta zo ta yi mata jego. Ranar da aka ba ta biza na kwashi jitata da wayoyinta na kai ɗakin abokina, na share wurin tas. Mutum da gemunsa, da ɗansa, yana ɓoye kaya kamar ɗan firamare.

Ta iso da akwatuna cike da kuka da daddawa da kanwa da citta, da wani abu mai nauyi a naɗe cikin zane. Muna isa gida ta kwance, sai ga ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Na ce, "Inna, ai akwai injin markaɗe a kicin." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yajin jego a inji? Kai ka haihu ko ita?"

Gidanmu a Abu Hamour yake, a saman bene. Washegari da hantsi ta fara daka, ba a jima ba sai ga maƙwabcinmu na ƙasa, wani dattijo Balarabe, ya hau yana haki yana riƙe da kai. "Khalas, ya hajja, khalas!" Wato ya isa haka, Hajiya. Ita ba ta jin Larabcin kasuwa, ta ɗauka barka ya zo yi, ta zuba masa yaji a kwalba ta miƙa masa. Ya tsaya ya kalli kwalbar, ya kalle ta, ya sauka. Daga baya muka daidaita, za a riƙa ɗora turmin a kan ninkakken bargo, kuma sai rana ta yi. Bayan sati sai ga dattijon ya dawo da kwalbar babu komai a ciki, yana murmushi.

Bargon nan shi ya jawo min. Da aka sa shi, sautin turmin ya daina kaifi, ya koma wani nauyi mai zurfi da kake ji a ƙirji. Ranar da abokina ya zo barka, tun muna kan matakala ya ja ya tsaya, ya damƙe hannuna.

"Chale, ka ji? Ga gangarmu nan."

Na ce, "Don girman Allah ka rufa min asiri. Ba ta san komai ba."

Ya ce to. Muka shiga, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, "Mma, sannu da aiki, ya jikanmu?" Ta amsa da fara'a, don tana son yaro mai ladabi. Bai ko miƙe ba sai na ji ya ce, "Mma, turmin nan ya yi daɗi da yawa. Muna so mu ɗauka mu sa cikin kiɗanmu."

Taɓarya ta tsaya a sama.

"Kiɗan wa?"

"Ni da shi," ya nuna ni da baki.

Ta ajiye taɓaryar, ta zuba masa kunun kanwa, ta tambayi mutanen Kumasi ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Ni ko kallona ba ta yi ba. Da na raka shi ƙasa na ce, "Ka kashe ni." Ya ce, "Na ga kai ba za ka faɗa ba har abada." Sai na gaya masa gaskiya, in ta ce a'a, faifan nan ba zai fita ba, ko da kuwa mun gama shi. Yin abu a ɓoye a ɗaki daban, fitar da shi duniya da sunan gidanmu a kai bayan ta hana kuma daban. Abin ya yi masa nauyi, don aikin ya ci mana kusan shekara biyu. Can ya ce, "In Mma tawa ce, ni ma haka zan yi. Maza je ka sha faɗanka."

Ina komawa ta ce, "Kai. Zo nan." Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Gobe ka kawo abin in ji da kunnena. In na ji roƙo a ciki, ka san sauran."

Washegari bayan La'asar na jona lasifika a falo. Tana zaune a kan darduma da jariri a cinya, maiɗakina tana daga ƙofar ɗaki tana leƙe. Na danna. Ƙugin na'urar sanyi ya fara, sai jita ta saki sauti ɗaya, ya daɗe yana lilo kafin na biyu ya zo. Ta jira. Ta ƙara jira.

"Ka kunna mana."

"Ai ya fara, Inna."

Ta karkata kunne. "To yaushe mawaƙin zai shigo?"

"Babu mawaƙi."

"Rasuwa ya yi?"

"A'a, dama can babu."

"To wa kuke zugawa a ciki?"

"Ba kowa."

"Ba sunan kowa? Ko na uban gidanka na wurin aiki?"

"Ko ɗaya."

"Mata na rawa da shi?"

Maiɗakina ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Inna, wa zai iya rawa da wannan? Sai dai gyangyaɗi."

Ta saurara har ƙarshe, ban rage mata komai ba. Da aka zo inda jitocin suke ɓarkewa, wurin da ni da abokina muka fi alfahari da shi, ɗaga gira kawai ta yi ta toshe wa jariri kunne. Da ya ƙare ta gyara mayafi ta ce, "Wannan ai ba kiɗa ba ne. Ƙarar firji ce. In dai wannan ne ke hana ka zaman gida ran Juma'a, je ka yi ta yi. Allah Ya sa alheri."

Na samu izini, na kuma yi murna ƙwarai, har sai da na shiga banɗaki na yi tsalle. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya ɗan sosa min rai. Ta bar ni ne saboda a ganinta ban ma yi abin da ya isa a hana ba.

Maganar turmi kuwa ta yarda, amma da sharaɗinta. Ranar da abokina ya zo da makirfo ya kafa, ya ce ta ɗan buga mu gwada, ta ce, "Da me?" Ya ce haka nan kawai. Ta ce, "Ba a dakan turmi ba komai a ciki. A gidanku haka aka koya muku?" Babu yadda ba mu yi ba, ta ƙi. Dole muka sauka kasuwa muka sayo barkono da citta da kanumfari da masoro. Duk lokacin da muka ce a sake, sai an zuba sabo, don wanda ya daku ya daku, ba za ta ɓata shi ba. Falo ya turnuƙe, idanu suka yi ja, maiɗakina ta gudu ɗaki da jariri ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. Atishawar abokina tana nan cikin faifan har yau, mun yi mun yi mu cire ta ta ƙi fita.

Sai kuma rigimar ma'aunin bugu. Muna da wani abu da ke yin ƙyas-ƙyas don mai kiɗa ya bi, kada ya yi sauri ko ya yi nawa. Abokina ya sa mata a kunne. Ba ta yi bugu goma ba ta cire ta miƙa masa. "Ni zan bi wannan? Shi ya bi ni." Haka ta yi dakanta yadda ta saba, in barkono yana da ƙarfi ta sa ƙarfi, in ya fara laushi ta sassauta, ta tsaya ta kankare gefen turmi ta ci gaba. Ba yadda za mu ɗora shi a kan jitocin da muka riga muka ɗauka, sai muka goge su muka sake, muna bin hannunta. Wata guda muka ƙara a kan aikin. Da muka gama muka saurara, abokina ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Kiɗan ya fara numfashi kamar mutum.

Ta gama arba'in ta koma Zariya, ta bar mu da yajin da ya cika duk kwalaben gidan har da na maƙwabta.

Da muka sa faifan a intanet, sai muka ce bari mu tara 'yan uwa su ji. Wani likita ɗan Katsina ya ba mu babban falonsa. Kuskurenmu shi ne da muka rubuta "ƙaddamar da faifai" a saƙon gayyata. Jama'a suka zo da manyan riguna da ƙamshin turare, wani har ya taho da sababbin takardun kuɗi a aljihu don liƙi, yana tambayar ina mawaƙin zai tsaya. Muka rage fitila, muka kunna, muka koma gefe muka sunkuyar da kai irin na masu fasaha. Hira ba ta ko ragu ba. Ana ta maganar canjin kafil, wato uban gidan aiki, da tsadar tikitin Kano. Kiɗa na farko ya ƙare, na biyu ya yi nisa, sai wani malamin jami'a ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, in kun gama gwada lasifikar a fara mana, shinkafa na hucewa."

Abokina ya dube ni, na dube shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mun kusa rabi."

Dariyar da aka yi ranar ba a magana. Wani dattijo da ya yi barci tun a kiɗan farko ya farka yana tambayar me ya faru. Mai sababbin takardu ya mayar da hannunsa aljihu a hankali. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, amma abokina ya ce a bar shi ya kai ƙarshe, ko don yajin da muka shaƙa.

Aka raba abinci, ana ci ana tsokanarmu, har aka zo kiɗan ƙarshe. Bugun farko ya sauka, dum. Na biyu ya biyo. Sai na ga cokula sun fara tsayawa. Mai gidan ya ajiye farantinsa ya ce, "Tsaya. Wannan ba turmi ba ne?" Na ce shi ne. Daga ɓangaren mata wata ta ɗaga murya, "Wallahi yaji ake dakawa, ku ji yadda take kankarewa!" Daga nan falon ya yi shiru na gaske. Manyan mutane, masu fiɗa da masu haƙar gas, kowa ya zuba wa bango ido. Da ya ƙare malamin nan da ya ce a fara ya share fuska da hularsa ya ce, "Rabon da in ji wannan tun tsohuwata na da rai." Aka shiga labarin tsakar gida, kowa da irin dakan uwarsa, har aka manta da mu. Da za a watse muka ba kowa kwalbar yaji. Har yau in na haɗu da su a masallaci, yajin suke tambaya, ba faifan ba.

A intanet ma bai yi wani tashe ba, amma ya samu masoyansa jefi-jefi a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Wani Bature daga wata ƙasa mai sanyi ya yi dogon rubutu a kansa, yana yaba abin da ya kira tsohuwar gangar gargajiya ta Afirka ta Yamma, har ya aiko yana tambayar sunan gangar da na gwanin da ya buga ta. Na kira mahaifiyata na fassara mata. Ta ce, "Ka ce masa barkono ne." Ta wuce zuwa tambayar ko yaro ya fara zama.

Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma na haƙura. Na sa a raina cewa iyakar abin da zan samu ke nan, kuma ya isa.

Watanni suka wuce, sai ƙanwata ta aiko saƙo wai Inna ta ce a tura mata ƙarar firjin nan a wayarta. Na tura, ina zaton za a yi dariya ne a gida. Bayan Sallah kuma sai ga wani saƙon murya daga ƙanwar tawa, ta rubuta a ƙasa, "Yaya, ba ta san na ɗauka ba." Ina saman wani bene a West Bay lokacin, da tsakar rana, tsakanin injina. Na laɓe a inuwa na manna wayar a kunne.

Ɗakin mahaifiyata ne, na gane da ƙarar fankarta. Mata ne suka zo gaisuwa. An jefa waya cikin kwanon silba don ta ƙara ƙara, ina jin jitata tana fitowa daga ciki. Wata ta ce, "Hajiya, wayar taki ta lalace ne? Ba ta cewa komai."

Sai muryar mahaifiyata. "Ku yi haƙuri, bai iso ba tukuna. Ai shi haka yake. Tun yana ƙarami, sa'o'insa duk sun yi baki shi yana zaune yana kallon mutane, har muka fara tsoro, aka yi ta rubutu ana ba shi. Ranar da ya buɗe baki kuwa sai da muka roƙe shi ya yi shiru. Ku dai saurara."

Jitocin suna ta hawa, suna ta taruwa. Daidai inda za su ɓarke, kafin su ɓarke, na ji ta ce, "Yauwa. Ga shi nan ya taho."

Wata ta ce, "Wa?"

Ta ce, "Wancan na Ƙatar mana."

Na zauna a kan bututun ruwa na yi kuka sosai, babu ko barkonon da zan ɗora wa laifi. Ba turminta ta kunna musu ba, wancan mai tsawon dahuwar shinkafa ne, wanda babu hannunta a ciki. Ta san inda yake ɓarkewa, ke nan ta saurare shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba wani mai yawa ba ne. Na daɗe ina jiran yabo irin wanda ake faɗa a fuska, alhali na fito daga gidan da ba a yin sa haka. Ni da na yi faifai guda babu kalma ko ɗaya a ciki, na ce mutane su yi haƙuri su saurara, ni ne kuma na kasa yi wa mahaifiyata irin wannan haƙurin. Abokina ya koma Kumasi yanzu, ya buɗe ɗan ɗakin ɗaukar sauti, muna aika wa juna kiɗa ta waya. Jitata kuwa tana rataye a falo, a fili, ko wa zai zo.

Da na kira Inna a satin da saƙon muryar nan ya zo, na kasa yin shiru. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, an ce kina kunna wa baƙi firjina."

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Turmina nake ji."

Na ce to. Muka yi maganar yaro, da ta ruwan sama, da ta wanda ya yi aure a unguwa. Har na yi sallama zan kashe sai na ji ta ce, "Kai."

"Na'am, Inna."

"Yaushe za ku yi wani? Barkono ya yi araha bana."